Shekarar da Na Yi wa Gwaggo Ritaya

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu, domin bangon gidan nan bai kai kaurin da kuke zato ba. Kuna cewa da Baba ya iya bakinsa, da har yau muna Madina. Hafsa ce ta fara faɗin haka, da Larabci, a filin jirgin Jidda, tana budurwa ido ya kumbura da kuka, kuma daga ranar maganar ta zama kamar kayan gado, babba yana miƙa wa ƙarami. Har jikokina da ba su taɓa ganin Madina ba sun iya ta. Ban taɓa musa muku ba, saboda ba ƙarya kuka yi ba. Sai dai rabin labarin kuka riƙe. Yanzu da Ummanku ta riga mu gidan gaskiya, alkawarin da ya ɗaure mini baki ya warware, don haka ku gyara zama ku ji sauran.

A lokacin ina injiniya a wani kamfanin safa da ke jigilar jama'a a cikin gari da kuma tsakanin Madina da Makka. Ba tuƙi nake yi ba, ba kuma kwanciya ƙarƙashin mota ba, ko da yake Anas ya daɗe yana gaya wa abokansa cewa ubansa direba ne don ya ga ya fi burgewa. Aikina kula da siton kayan gyara ne, wanda a can muke kira mustauda, ko in ce kula da abin da ke tsaye a tsakiyarsa. Wasu dogayen akwatunan ƙarfe ne guda uku, kowanne ya kusa taɓo rufi, a cikinsu akwai kantoci rataye a jikin sarƙa. Sai ka danna lambar abin da kake so, sarƙa ta juya, kantar ta sauko ta tsaya a wata taga daidai ƙugunka, ka miƙa hannu ka ɗauka. Takalman birki, bel, matatar mai, fitilu, duk abin da makanike zai nema yana ciki. Ba ƙofa, ba tsani. Idan sarƙa ta ƙi juyawa, kayan suna nan a saman kanka, kana jin warin robarsu, amma sun fi ƙarfinka. Usman, shugaban makanikai, wani Bahaushen Sudan mai faɗin kafaɗa, shi ya raɗa wa na'urar suna Gwaggo, wai don ba ta yin komai sai an lallashe ta, kuma ba maganar kowa take ji ba.

Maganata kuwa tana ji. Tun ban yi furfura ba na same ta a wurin, kuma tun a lokacin ta fara tsufa. Waɗanda suka ƙera ta a Turai sun daina yin kayanta, littafinta da Jamusanci yake, rabinsa ma ya ɓace. Da kunne na koye ta. Na san kukan da take yi idan ƙura ta shiga allon lantarkinta, na san wanda take yi idan haƙorin sarƙa ya ci, na san inda zan sassauta da inda zan ɗan buga da gindin sukundireba ta farka. Na kwance tsofaffin injuna na ciro abin da zan dasa mata, na naɗa waya da hannuna. Ba yabon kai ba ne, a garin nan kaf ba wanda zai iya abin da nake yi mata. Wannan kuwa shi ne ya riƙe mu a Madina. Kun san zaman baƙo a can a kan iƙama yake, takardar izinin zama, ita kuma a kan aiki take, aikin kuma a hannun kamfani. A shekarun nan an fara sallamar baƙi ana ɗaukar 'yan ƙasa, abokaina injiniyoyi suna ta ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa duk shekara manajanmu, Abu Faisal, yakan sa hannu a takardata yana dariya.

"Kai mijin tsohuwa ne, ya Muhandis," in ji shi, don haka suke kiran injiniya a can. "Wa zai raba aure?"

Gidanmu na Harra ta Gabas kun fi ni tuna shi, da matattakalarsa mai duhu da baƙaƙen duwatsun da kuke wasa a kai a bayan gida. Abin da nake tunawa ni shi ne hayaniyarsa. Ummanku tana magana da Hausar Zariya, ku kuna mayar mata da Larabci, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba har sai an maimaita da harshen da ta haife ku da shi. Mace ce mai tsoron mota ƙwarai. Tun da na aure ta ban taɓa ganin ta runtsa a cikin abin hawa ba, hannu ɗaya a jikin kujerar gaba, ɗaya a kan carbi, idonta a kan ƙafar direba. Kuma akwai abin da ya ɗaure ta da garin fiye da kowa a cikinmu. Tsakanin Hafsa da Anas mun sami ɗa, Ibrahim, bai kai ga yin rarrafe ba Allah Ya karɓi abinsa, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Ni na ɗauke shi a hannuna na kai shi. Kaburburan can ba su da suna, mata kuma ba sa shiga, sai dai na tsayar da ita a jikin shingen na nuna mata sashen da yatsa. Daga nan duk mako sai ta je bayan La'asar ta tsaya a daidai wurin. Ba ta taɓa ɓoye mini burinta ba, ita a wannan ƙasar take so a rufe ta, kusa da ɗanta, maƙwabtan Manzon Allah.

A shekarar da nake ba ku labari, farkon Zulƙida, alhazai sun fara cika gari, wani abokina likita da ke aiki a Khaibar ya sami ƙaruwa. Suna ya faɗo ranar Alhamis, ranar hutuna, muka ɗunguma gaba ɗaya. Kuna tuna ragon da aka gasa a gindin dabino, da yadda Anas ya faɗa cikin magudanar ruwan gona da sabuwar jallabiyarsa. Wayar hannu ba ta yawaita ba a lokacin, ɗan abin kira da nake rataya wa a ƙugu kuma ba ya kamawa a can. Muka ci muka sha, muka kama hanya da yamma hankali kwance. Muna shigowa unguwa na hango motar kamfani a ƙofar gida, direban yana zagaye kamar wanda matarsa ke naƙuda. Tun hantsi Gwaggo ta tsaya cak.

Da na isa gareji, motoci sun yi layi har bakin ƙofa, makanikai suna zaune a kan tayoyi, wani ɗan lantarki da aka ɗauko daga gari ya buɗe allon ya tsaya yana kallonsa. Ban ko cire babbar rigata ta suna ba. Na sa kunne, na sassauta abin da ya kamata, na juya sarƙa baya kaɗan da hannu, na ba ta ɗan bugun nan nata. Ta yi tari, ta motsa. Gareji ya kaure da kabbara da tafi. Abu Faisal ya rungume ni, ya sumbaci goshina a gaban kowa, ya ce wallahi in ba ni ba kamfanin nan ba komai ba ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Ɗan Zariya da hular zanna, Larabawa suna tafa masa. Ina cikin wannan jin daɗin Usman ya ja hannuna zuwa bayan sito, fuskarsa ba annuri.

"Ya Muhandis, akwai kalam," ya ce. "Motoci biyu sun tafi Makka da azahar. Birkinsu ya kai canji, sabon yana cikin Gwaggo. Alhazai sun riga sun ɗaura harami, suna zaune a ciki, shugabansu yana ta ihu. Sai na mayar da tsohon takalmin, na ɗaure."

Na tambaye shi ko sun isa.

"Sun isa, alhamdu lillahi. Na yi waya. Amma tun azahar nake zaune bakin wayar."

Usman ba sakarai ba ne, makanike ne na gaske, kuma na tabbata ya duba ya ga takalman za su kai. Amma ni na san hanyar nan, na san gangarenta, na san nauyin safa idan ta cika da mutane da kaya. A take daɗin sumbar goshin ya bi iska. Abin da na gani shi ne, rayukan tsofaffin da suka tara kuɗin guzuri shekara da shekaru sun rataya a kan ko wani mutum ɗaya yana gari ko ya tafi cin rago. Yau suna ne. Gobe zazzaɓi ne, jibi kuma mutuwa, tunda ni ma ba ƙarfe ba ne. Na tsorata ƙwarai, irin tsoron da ban taɓa ji ba a wurin aiki.

Bayan an gama aikin Hajji sai ga dama ta kawo kanta. Lokacin duniya ta ɗauka cewa kwamfutoci za su rikice idan shekara ta dubu biyu ta shigo, kowane kamfani yana bincikar injunansa. Gwaggo dai ba ta san ranar Juma'a ba balle ƙarshen ƙarni, amma manya suka ce a duba ta ita ma. Abu Faisal ya kira ni ya ce in yi nazari in gaya musu gaskiya, a ci gaba da lallaɓa ta ko a sabunta. Ya ce abin da na faɗa shi za a yi, tunda ba wanda ya san ta sai ni. Usman da ya ji, har gida ya biyo ni, muka tsaya a gindin matattakala.

"Halas, magana ta ƙare, ka ce lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Sabuwa in ta zo, yaro ɗan makaranta zai iya da ita. To kai kuma fa? Kana da iyali, ya ahi, ɗan'uwana. Ni ba zan sake yin abin da na yi ba, kai kuma kada ka sake nisa da gari. Shi ke nan."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, ƙauna ce, kuma lissafinsa daidai ne. Ni ma na yi shi tun kafin ya zo. Washegari da rana, kuna makaranta, na zaunar da Ummanku na zayyana mata komai, har da motoci biyun nan. Na ce mata in na ce a sabunta, ba a wannan shekarar ba, amma ba da daɗewa ba za a gode mini a ba ni tikitin komawa gida. In na ce a bari, muna nan har ƙarfina ya ƙare. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, su waye a cikin motocin. Na ce Turkawa ne, yawancinsu tsofaffi. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Kwanaki suka wuce ba ta tayar da zancen ba, ni kuma ban matsa ba, don na san abin da nake nema ta ajiye. Ranar da ta saba zuwa Baƙi'a ta tafi, ta daɗe fiye da kullum. Da ta dawo ko abayarta ba ta cire ba ta same ni a falo.

"Malam, ka je ka faɗa musu gaskiya," ta ce. "Mutanen nan baƙin Annabi ne. In zamana kusa da shi sai an jingina shi a kan birkin motar baƙinsa, da wane ido zan yi masa sallama? Ibrahim yana hannun da ya fi nawa."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu.

"Saura ɗaya. Kada ka gaya wa yara ni na ce. Gara su yi fushi da kai, kai da kake fita tun safe. Ni ce mai wuni da su."

Haka Ummanku take, ko a tsakiyar kuka sai ta yi lissafi. Na yi mata alkawari, na kuma riƙe shi har yau da ya warware.

Na je na faɗa musu. Abu Faisal ya dube ni, ya tambaye ni ko na fahimci abin da nake cewa. Na ce na fahimta sarai. Sai na kafa sharuɗɗana, tunda in za a yi wa Gwaggo ritaya, ni zan zaɓi magajiyarta. Kamfanin da aka ba kwangila ya so ya fara aiki a watan da ya dace da kalandarsa, na ce a'a, a garin nan da wata ake lissafi, ba a taɓa sito sai Safar, lokacin da alhazai suka watse, 'yan Umra ba su fara zuwa ba. Na ce akwatunan ƙarfen lafiyarsu lau, a bar su, a canja sarƙa da injuna da ƙwaƙwalwar. Na ce kowane akwati ya zama da ƙwaƙwalwarsa daban, kada ɗaya ya tsaya ya ja sauran. Na dage a sa hannun juyawa a gefe, wanda ko mai shara zai iya murɗawa idan wuta ta ɗauke, a kuma rubuta littafin da Larabci. A kan wannan hannun mun kai ruwa rana da Baturen kwangilar, wai zai ɓata wa na'urarsa kyan gani. Na ce masa ni ba kallonta nake zuwa yi ba.

Safar ɗin ta faɗo cikin zafi. Muka kwashe cikin Gwaggo kaf muka shimfiɗa a ƙarƙashin rumfa a filin gareji, kowane kaya da alamarsa, sito ya koma kamar kasuwar 'yan gwangwan, amma ko mota ɗaya ba ta kwana don rashin kayan gyara ba. Ranar da aka sauke tsohon allon lantarkin na ga duk ɗaure-ɗauren da na yi masa tsawon shekaru, wayoyina masu launi daban-daban, sai na ji idona ya cika. Usman ya ce in yi haƙuri, tsohuwa ta yi albarka. Aka ba ni samari biyu 'yan ƙasa da suka gama makarantar fasaha, na koya musu komai, ban rage ko ƙwaya ba don in riƙe a aljihu. Nakan kashe na'urar da gangan in tafi shan shayi, in bar su da ita. Ranar da na dawo na tarar sun tashe ta ba su neme ni ba, na san aikina ya yi kyau, na kuma san ya ƙare.

Hajji biyu aka yi da sabuwar ina nan, ba a aiko mota ƙofar gidana ko sau ɗaya ba. Daga nan Abu Faisal ya kira ni ofis, ya zuba mini gahawa da hannunsa, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa a wurin manya, amma ba za a sabunta takardata ba. Na yarda da shi, har yau kuma ban riƙe shi da komai ba. Sauran kun sani, domin a jikinku ya faru. Kun bar makarantunku da ƙawayenku, kun zo Zariya ana yi muku dariyar Hausarku, ana kiranku Larabawan Tudun Wada. Hafsa ta yi wata da watanni ba ta gaishe ni sai da ka. Na ga duk wannan, ya kuma yi mini ciwo, kada ku zaci bai yi ba. Ranar da za mu tashi, Ummanku ta je shingen Baƙi'a ita kaɗai, ta dawo ta ci gaba da ɗaure katan-katan, ba wanda ya ga hawayenta a cikinku. Ni na gani. Duk da haka, in aka mayar da ni ofishin nan aka sake yi mini tambayar, amsar da na bayar ita zan sake bayarwa.

Ba ta sami Baƙi'a ba. Tana nan a maƙabartar da kuka kai ta, cikin jar ƙasar garinsu. Amma kafin ciwonta na ƙarshe, kuna tuna mun je Umra mu biyu. Mun sauka a Madina a matsayin baƙi, da biza a fasfo kamar kowa. Ta yi tsayuwarta a jikin shinge har ƙafarta ta gaji. Da za mu wuce Makka na ƙi motar haya, na je tasha na saya mana tikitin safa ta tsohon kamfanina. Da ganin lambar da ke gefenta na san daga garejinmu ta fito. Muka ɗaura niyya a miƙati, mota ta hau hanya, Ummanku ta kama kujerar gaba da hannu ɗaya kamar yadda ta saba, carbi a ɗayan. Da muka zo gangare na farko direba ya taka birki, motar ta rage gudu sumul, ba ƙara ba girgiza. Sai ta juyo ta dube ni.

"Malam, wannan birkin daga sitonka ya fito?"

Na ce mata daga can ya fito.

"To," in ji ta.

Ta saki kujerar, ta gyara mayafinta, ta jingina kanta a kafaɗata. Sai da muka shiga Makka na tashe ta.